Fararen Buhuna a Kan Rumbu

Dakoro, watan Mayu

Zuwa ga Baffana Alhusaini,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Yamai? Ni ce Lailatu, ɗiyar wanka Na'Allah. Na faɗi sunana ne domin ban taɓa rubuta maka ba, kuma ranar da ka zo sallah na ɓuya a bayan Goggo Raudatu har ka tafi. Yanzu ina lise, wato babbar sakandare, ina zaune a gidanta nan Dakoro. Mutanen ƙauye duk lafiya. Kaka dai gwiwa tana damunta, Baba kuma ya yi zazzaɓi ya warke.

Kaka ce ta sa ni wannan takarda. Ta ce tun da wayarka kullum a kashe take, in an same ka kuma sai ka ce ba a maganar aiki a waya, to a rubuta a ba Sha'ibu direba ya kai maka.

Ga maganar. Gonar gida ta gaji, bara ko rabin rumbu ba ta cika ba. Baba yana so bana ya koma tunga, gonarmu ta daji da ke bayan Korahane, ya zauna can har girbi kamar yadda kuke yi kuna yara. Amma tun rani masu moto, wato babur, suke yawo a wajen da bindigogi. Sun kore shanun mutane a bakin rijiya da rana tsaka, kowa yana kallo. Yau Baba ya ce zai tafi, gobe ya ce ba zai tafi ba, iri kuma yana nan a rataye.

Sai wani abu da ake ji a sama. Ba a cika ganinsa ba, sai ƙugi siriri kamar injin niƙa a ƙauye mai nisa. Mushenmu, malamin labarin ƙasa, ya ce kurman jirgi ne, wanda ba mutum a ciki, yana ɗaukar hoton ƙasa yana aika wa sojan sama. Duk sanda aka ji shi sai Kaka ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Ga Alhusaini nan ya zo duba mu." Mutane suna dariya. Ita ba ta yi.

Baffa, ka yi haƙuri da tambayar yara. Kai ne? Kana ganin tunga? In kana gani, Baba zai tafi da ƙarfin zuciya. In ba ka gani, gara ya sani kafin ruwa ya sauka.

Goggo tana gaishe ka. Ka gafarta mini in na yi kuskure a rubutu.

Ɗiyarka,
Lailatu

*

Yamai, watan Yuni

Ɗiyata Lailatu,

Takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta a bakin tasha. Ina lafiya, na gode Allah. Na ji daɗi Yaya ya warke. Ga man zafi nan na ba Sha'ibu, a riƙa shafa wa Inna a gwiwa. Rubutunki ba kuskure, ya ma fi nawa kyau. Ashe mai ɓuya a bayan Goggo tana da baki in ta riƙe biro.

Abin da kika tambaya, akwai wanda zan iya faɗi, akwai wanda rantsuwar aiki ta hana. Ba na cikin jirgi, ba kuma ni nake tuƙa shi ba. Ina zaune ne a wani ɗaki mai sanyi da ba taga, ina duban hotunan da aka ɗauko, ina faɗin abin da na gani a ciki. Inda ake dubawa da lokacin da ake dubawa ba a faɗa wa kowa, ko da uwa ce.

Amma tun da ke mai karatu ce, bari in gaya miki abin da muke magana a kai kullum. Ƙasarmu faɗi gare ta, idanunmu kuwa kaɗan ne. Nan gaba wanda ya riga ganin abokin gabansa shi zai yi nasara, ko da makamansa ba su kai na wancan ba. Muna bukatar jiragen da za su daɗe a sama ba su sauka ba. Muna bukatar na'urar da ke gani ta cikin hadari, domin da damina girgije yakan rufe mana ƙasa ruf. Muna bukatar hanyar da labari zai isa ga sojan ƙasa tun abu bai wuce ba. Fiye da komai muna bukatar yara irinki da suka yi karatu kuma suka san daji. Daga sama mutum ɗigo ne kawai. Makiyayi a kan moto da ɓarawo a kan moto duk kamarsu ɗaya. Rumbuna kuwa kamar ƙwai a kwando, ba ka gane na wane da na wane sai in akwai wata alama a kai. Ki dage da lissafi, wata rana ke za ki zauna a kujerata.

Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ba a manta da ku ba. Maganar tunga kuwa, Yaya ya fi ni sanin dajinsa.

Ki gaishe da Goggonki da dukan mutanen gida.

Baffanki,
Alhusaini

*

Tunga, watan Yuli

Baffa,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya lau. Man zafi ya iso, Kaka ta ce yana aiki, amma tana tsimin sa kamar turare. An ba mu hutu, na ci jarrabawa na wuce aji na gaba. Daga tunga nake rubuto maka, zan ba masu zuwa kasuwa su kai wa Sha'ibu.

Da na koma ƙauye na karanta takardarka a tsakar gida bayan la'asar. Kaka tana saurare har na zo inda ka yi maganar rumbuna, sai ta ce in tsaya in koma baya. Na koma. Ta sake sa ni na koma. Sai ta tafa hannu ta ce ta gane. Wai tun kana ƙarami ba ka faɗin abin da kake so kai tsaye, in kana son nono sai ka ce ƙwaryar tana da kyau. Wai rantsuwa ta ɗaure bakinka, shi ya sa ka biyo ta gefe kake gaya mana mu sa alama.

Na ce mata ni a ganina bayani kawai kake yi. Ban ɗaga murya ba, wataƙila ma ba kowa ya ji ba. Ta ce, "Ke kika haife shi ko ni?"

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce in sake karanta wajen da ka ce ba a manta da mu ba. Washegari ya sauko da iri.

Kaka ta aika Dakoro, Goggo ta bi masu kanti ta tattaro mata fararen buhunan shinkafa. Kaka ta farke su, ta wanke, ta zauna da basilla tana haɗa su har suka yi faɗin ɗaki. Ni nake zare mata zare. Ranar da muka iso tunga, kafin a sauke tukunya, Baba ya hau babban rumbu ya ɗaure su a kan jinkar. In rana ta fito sai ka ga suna ƙyalli tun daga kan tudun rijiya.

Ɗangoggo maƙwabcinmu, abokin wasan Baba, ya zo ya tsaya yana riƙe da ƙugu ya ce, "Na'Allah, rumbunka ya sha rawani. Yaushe za a naɗa shi?"

Baba ya ce, "In an naɗa shi kai ne mai riƙe masa takalmi."

Aka yi ta dariya. Amma bayan kwana kaɗan shi ma Ɗangoggo ya kwaso iyalinsa ya zo gonarsa, wasu gidaje suka biyo shi. Suna cewa tun da ƙanen Na'Allah yana kallo, inuwar za ta kai kowa.

Ruwa ya sauka da kyau. Hatsi ya kai gwiwa, wake ya fara yaɗo. Baba yana waƙa a bakin aiki, abin da na daɗe ban ji ba. Mun ji ƙugin nan shekaranjiya da hantsi, Kaka ta fito ta ɗaga hannu tana gaishe ka.

Baffa, na san ba za ka iya faɗin komai ba. Amma ko ta gefe ne, ka nuna mini ka ga alamar. Ni dai raina bai kwanta ba.

Ɗiyarka,
Lailatu

*

Tunga, watan Agusta

Baffa,

Ina gaishe ka. Allah ya sa lafiya ce ta hana ka amsa. Sha'ibu ya aiko cewa ya bar waccan takardar a hannun mai tsaron ƙofarku. Jikinmu lafiya, amma hankalinmu a tashe yake.

An ce an ƙwato wasu shanun sata a can arewa da mu. Ban san yadda aka yi ba. Amma mata a rijiya suka ce albarkar alamarmu ce, Kaka kuma ba ta musa ba. Ta ce ɗanta ne ya hango su. Ta faɗa wa mai nono, ta faɗa wa mai gishiri. Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta zama cewa gidan Na'Allah ne ke yi wa jirgi nuni.

Ranar Talata da azahar wasu mutum biyu suka zo a kan moto, fuskokinsu a naɗe. Sun yi sallama yadda ya kamata, sun tambayi gajiya da damina, suka roƙi ruwa. Ni na kai musu. Ina miƙa musu sai ruwan ya zuba a ƙafar ɗayan, ya ce ba komai, 'yar lakkwal. Ban san inda ya san ina makarantar boko ba.

Suka tambayi Baba mene ne wancan farin abu. Baba ya ce jinkar ce take yoyo. Ɗaya daga cikinsu ya taka har bakin rumbu ya leƙa, ya dawo ya ce, "Rumbun da ba ko zangarniya a ciki, me ruwa zai ɓata?" Da za su tashi sai ɗayan ya ce, "A gaida ƙanenka."

Suna ɓacewa Baba ya ɗauko tsani. Kaka ta je ta zauna a gindin rumbun, da ciwon gwiwarta da komai, ta ce sai dai ya taka ta ya hau. Ta ce, "Yanzu da suka san mu, yanzu ne za ka rufe wa yaron ido?" Baba ya tsaya riƙe da tsani, can ya jingine shi. Ban taɓa ganin ya ƙetare maganarta ba, kai ma ka sani.

Ɗangoggo ya daina wasa da Baba. Ya mai da matarsa da yara ƙauye, shi kaɗai yake zuwa ya yi noma ya koma. Baba ba zai iya tashi ba, hatsi ya fara fid da kai, in ya bar shi yanzu tsuntsu da dabbobi ne za su girbe. Ya ce ni da Kaka mu koma gida, Kaka ta ƙi, ni kuma ba zan bar ta ba.

Baba ya ce in gaya maka ba ya neman asirin aikinka. Kalma ɗaya yake so: a cire ko a bari. Maganarka kaɗai Kaka za ta ji.

Don Allah, Baffa, ka yi sauri.

Lailatu

*

Watan Satumba

Lailatu,

A cire buhunan nan yau. Kada a jira gobe. In Inna ta ƙi, ki ce ni na ce, ki rantse mata da sunana.

Takardunki biyu jiya suka iske ni tare. Ba na Yamai. Tun farkon Yuli aka turo mu horo wata ƙasa, wayoyinmu suna hannun masu horon, takardu kuma sai an tara ake aiko mana. Wani abokin aikina zai koma gida gobe, shi zai ba Sha'ibu wannan.

Zan faɗi abin da ya kamata in faɗa tun farko. Ban taɓa ganin tunga ba. Ɓangarenku ba ya cikin wuraren da ake ba ni in duba. Abin da kuke ji a sama ban san na wane ne ba. Ba mu kaɗai ke da jirgi a sararin nan ba, wani kuma wucewa kawai yake yi zuwa wani wuri. Da kika tambaye ni, na ji nauyin in ce wa uwata ba na ganinta, sai na yi ta zagaye. Maganar alama misali ne na ba ki, wallahi ban taɓa zaton za a ɗauke ta haka ba.

Nan kullum muna zaune a aji ana koya mana abin da sojan sama zai bukata nan da shekara goma. Jiya ban ji ko kalma ɗaya ba.

Ki ce wa Yaya ya bar hatsin in ta kama. Ni zan ɗauki abincin gida bana. Ku koma ƙauye, ko ma Dakoro wajen Goggonki. Da zarar an sallame mu zan zo.

Allah ya tsare ku.

Alhusaini

*

Dakoro, watan Oktoba

Baffa,

Ina gaishe ka. Ka saba jin lafiyar kowa a farkon takarda, to ga ta. Ni lafiya. Goggo lafiya. Kaka tana cin abinci in an matsa mata. Baba yana kwance a gidan likita nan Dakoro, ƙafarsa ta dama ta karye a wuri biyu. Majo, ma'aikacin lafiyar da ke duba shi, ya ce zai taka, amma da sanda, maganar hauya kuma a bar ta.

Takardarka ta iso bayan mun yi sati a nan.

Masu moton nan sun dawo tunga ne da hantsi, sun fi na farko yawa, suna kore da shanu. Wannan karon ba su yi sallama ba. Suka sa Baba ya hau ya kwance buhunan da hannunsa. Da ya sauko suka ɗaure shi da igiyar da ya kwance. Ba zan rubuta sauran ba. Sun sa wa rumbu wuta, suka saki shanun cikin hatsi, saura kaɗan a fara girbi.

Ana cikin haka muka ji ƙugin. Kowa ya ji shi, har su. Suka ɗaga kai, na ga ɗayansu ya matsa kusa da motonsa. Kaka ta fita fili, ban san inda ta sami ƙafar gudu ba. Ta cire mayafinta tana kaɗawa tana kiran sunanka. Ni ma, Baffa, na yarda a lokacin. Duk shakkar da nake yi ta tafi, na ce a raina yanzu za a zo. Ƙugin ya daɗe a kanmu kafin ya yi gabas. Sai ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Ɗaga murya, tsohuwa, bai ji ba."

Sun gama abin da suke yi ba gaggawa, suka tafi.

Ɗangoggo ne ya ɗauko Baba a amalankensa har bakin hanyar mota. Da aka sa Baba a mota sai ya ce wa Kaka, idonsa a ƙasa, mutanen tunga sun ce don Allah baɗi kada mu koma. An tattake gonarsa shi ma, da ta wasu gidaje.

Kafin takardarka ta zo, Kaka ta hana a ambaci sunanka. Tana cewa ka gani da idonka ka yi shiru. Da Sha'ibu ya kawo ta, Goggo ta ce in karanta a gaban kowa a bakin gadon Baba, ko zuciyar Kaka za ta sauko. Na karanta duka, ban tsallake komai ba. Da na zo inda ka ce ba ka taɓa ganin tunga ba, Kaka ta ce ƙarya nake yi, ban iya karatu ba, lakkwal ta ɓata ni. Ta karɓi takardar ta kai wa majo. Ya karanta mata, bai bambanta da nawa ba ko da kalma ɗaya. Ta dawo ta zauna a ƙasa. Ta daɗe tana duban yatsunta, inda basilla ta yi mata kanta.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce a gaya maka ya gode da maganar abinci, amma yana da akuyoyin da zai sayar. Sai ya juya fuskarsa bango.

An koma lakkwal. Da safe ina kai wa Baba kunu, in wanke kwanoni, in tafi aji a makare. Mushen labarin ƙasa ya ji cewa baffana sojan sama ne, ya ce in tashi in yi wa aji bayanin aikin kurman jirgi. Na tashi na tsaya, ban ce komai ba, har ya ce in zauna.

Ba na cewa kai ka karya ƙafar Baba. Na san ba ka zaci haka ba, na yarda da rantsuwarka. Amma tambaya ɗaya na yi maka a watan Mayu, amsarta kuma kalma ɗaya ce, a'a. Rantsuwar aiki ba ta hana ka ita ba, tun da ga shi yanzu ka faɗa. Ka cika takarda da abin da za ku bukata nan gaba, mu kuma damina ɗaya ce a gabanmu.

Jiya da na je kai abinci, Kaka ta kira ni waje. Ta ce in rubuta maka, kuma in rubuta yadda ta faɗa ba gyara. Ga shi: "In ba ɗana ba ne, wa ya tsaya a kanmu yana kallo?"

Na ce mata ka riga ka ce ba ka sani ba. Ta ce in dai tambaya. Na tambaya.

In kana da amsa, kada ka rubuto mini. Ka zo ka faɗa mata da bakinka. Ni na daina karanta wa mutane takarda.

Lailatu Na'Allah